Takarda ba ta rantsuwa: a kira ɗan sanda gaban alƙali

Duk wanda ya taɓa zama a zauren kotun Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, ranar da ake shari'ar waɗanda aka kama dumu-dumu, ya san yadda abin yake tafiya. Ana shigo da mutane daga gidan kaso, a jera su a kan benci. Magatakarda ya kira suna, mutum ya miƙe. Alƙali ya buɗe kundi, ya karanta da Faransanci abin da aka ce mutumin ya faɗa a komisariya ko a birgad ɗin jandarma, tafinta ya juya masa da Hausa. Mutumin ya girgiza kai ya ce, ranka ya daɗe, ban faɗi haka ba. Alƙali ya ɗaga takardar ya nuna masa wani wuri a ƙasanta ya ce, wannan ba yatsanka ba ne? Ya ce yatsana ne, amma ba a karanta mini ba. Daga nan magana ta ƙare, domin wanda ya rubuta takardar ba ya cikin zauren, kuma babu wanda ya yi tunanin kiransa.

Idan aka tambaye mu yadda ƴan sandanmu da jandarmominmu suke ba da shaida a kotu, amsa ta farko ita ce ba kasafai suke zuwa ba. Shaidarsu takan iso a rubuce, cikin takardar binciken nan da ma'aikata suka sani da P.V., ita ce take tsayawa a madadinsu. Mu a wannan jarida muna ganin nan ne babban gibin shari'ar laifi a ƙasar nan, kuma ya dace ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati su dube shi da idon basira, domin babu wanda ya fi ƙarfin a wayi gari sunansa yana cikin irin wannan takarda.

Abin yana da asali. Dokar tsarin shari'ar laifi da Nijar ta kafa ranar 14 ga Agusta 1961, wata guda bayan dokar hukunta laifuffuka ta 15 ga Yuli, a kan tsarin Faransa aka gina ta. A wannan tsari bincike a rubuce yake tafiya: jami'i ya rubuta, mai shigar da ƙara ya karanta, alƙali mai bincike ya ƙara nasa rubutun, kundi ya yi kauri kafin ranar zama. Sai dai ita dokar da kanta ba ta mai da takardar ɗan sanda wahayi ba. Ta kasa takardun gida-gida. A laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu, irin sata da zamba da cin amana, takardar bincike labari ce kawai da aka kawo wa alƙali domin ya haskaka, yana da ikon ya karɓa ko ya ajiye. A ƙananan laifuffuka, irin na hanya, ana gaskata ta har sai wanda ake tuhuma ya kawo hujjar da ta rushe ta. Akwai kuma wadda ta fi su duka nauyi, wadda fataken Maraɗi da Ƙonni suka sani sarai, wato takardar duwan da ma'aikata biyu masu rantsuwa suka sa wa hannu, wadda ba a ture abin da suka ce sun gani da idonsu sai an shigar da ƙarar cewa jabu ce. Ko ikirarin da mutum ya yi da bakinsa, doka ta bar wa alƙali ya auna shi kamar kowace hujja.

Ke nan a bisa doka, takardar da aka rubuta a komisariya kan zargin sata ita ce mafi rauni cikin ukun. Amma al'adar zauren kotu ta ɗaga ta ta kai ta matsayin ta duwan. Alƙalin da yake da kundi talatin a gabansa kafin azahar ba ya da sukunin tono, sai ya jingina da abin da aka rubuta. Wanda ake tuhuma, in ba shi da lauya, bai ma san yana da damar neman a kira jami'in ba. Lauyoyin ƙasar nan kuwa kowa ya san galibinsu a Yamai suke zaune, talakan Dakwaro ko na Tanut sai dai ya ji labarinsu. Hukumar ba da agajin shari'a da aka kafa da dokar 2011 ta rage wani abu, amma ba ta kai ko'ina ba.

A dubi yadda ake haifar wannan takarda. Mutum yana magana da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci. Jami'i yana saurare, yana juyawa a cikin kansa, yana bugawa da Faransanci. Shi ne mai tambaya, shi ne tafinta, shi ne marubuci, kuma shi ne wanda shugabansa zai yaba wa idan an ce an gano ɓarawo. Ko da mutumin kirki ne mai tsoron Allah, aiki huɗu a hannu ɗaya ya yi yawa. Ɗan kasuwa ya ce, na karɓi kayan a hannunsa, yana nufin ya saya ya biya a gaban dillali. A takarda maganar ta fito da kalmar da dokar laifi take amfani da ita ga mai ɓoye kayan sata. Wani ya ce, kuɗinsa suna wurina, yana nufin bashi ne na ciniki da za a biya bayan kaka. A takarda ta zama ya amsa laifin cin amana. Tsakanin bashi da cin amana akwai tazarar da ta kai tsakanin gida da gidan kaso, kuma sau da yawa kalma guda ce take raba su. Wa zai faɗa wa alƙali ainihin kalmar da ta fito daga bakin mutumin, in ba wanda ya ji ta da kunnensa ba?

Ma'aikacin gwamnati kada ya ɗauka wannan matsalar marasa boko ce kawai. Shi yana karanta Faransanci, gaskiya ne. Amma wanda ya kwana biyu a tsare, bai yi barci ba, iyalinsa suna tsaye a ƙofar komisariya, aka miƙo masa shafi shida aka ce sa hannu ka tafi gida, ba kowa ne zai tsaya gyaran jimla ba. Bayan wata takwas, a gaban alƙali, wannan jimlar ce za ta tashi ta ba da shaida a kansa.

Kakanninmu ba su san shaida irin wannan ba. A zauren alƙalin musulunci, bisa mazhabar Malikiyya da malamanmu suke karantarwa a cikin Risala da sauran littattafai, mai shaida yakan zo da ƙafarsa, a san shi, a bincika adalcinsa, a ba wanda ake ƙara damar ya soke shi idan yana da abin suka. Ba a karɓar shaidar abokin gaba a kan abokin gabarsa, ko ta wanda yake da wata riba a cikin hukuncin. Shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Mulkin mallaka ne ya kawo mana zamanin da maganar gardi da ta tafinta suke isa kumandan ya ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, a ƙarƙashin dokar nan ta ƴan ƙasa da ba a soke ba sai a 1946. An soke dokar, amma tsoron kaki da ta dasa bai gama fita daga zukata ba, har a zukatan wasu masu yanke hukunci.

To, idan an yi sa'a an kira jami'in ya zo, yaya yake yi? A nan ma sai mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Akwai waɗanda suke tsayawa su yi bayani tiryan-tiryan, su faɗi ƙarfe nawa suka isa, wa suka tarar, me suka ɗauka, a hannun wa suka damƙa shi, su kuma ce ban gani ba a inda ba su gani ba. Irin waɗannan suna sauƙaƙa wa alƙali aiki, kuma sau da yawa shaidarsu ce take ɗaure mai laifin da ya so ya sulale. Amma akwai da yawa da suke zuwa ba shiri. Wani ya maimaita abin da ke cikin takarda kalma da kalma, da an kauce da tambaya ɗaya sai ya ce ya manta. Wani ba shi ne ya yi kamun ba, yana ofis aka kawo masa mutum ya rubuta abin da abokan aikinsa suka gaya masa, ga shi yanzu yana magana kamar a gabansa aka yi. Wani yana ɗaukar tambayar lauya a matsayin raini ga kakinsa, ya hasala, alhali tambaya ita ce aikin lauya. Wani kuma, domin ya rufa wa abokin aiki asiri, sai ya cike gurbin da bai sani ba da abin da yake zato, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Da lauya ya kama shi a wuri guda, duk sauran maganarsa ta zube, har da gaskiyar da ke ciki, mai laifi na ainihi ya fita yana dariya, wanda aka yi wa sata ya koma gida hannu rabbana.

Ba mu ɗora laifin duka a kan ƙaramin jami'i ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An koya masa kamu da tsaron hanya da kwantar da tarzoma, amma sau nawa aka tsayar da shi a aji aka yi masa tambayoyin ƙwaƙwaf kamar yadda lauya zai yi masa? Shari'a takan zo bayan shekara ɗaya ko biyu, shi kuwa ya yi bincike ɗari a tsakani, ba shi da wani littafin aljihu da ya rubuta abin da ya gani a ranar. An yi masa canjin wurin aiki daga Tasawa zuwa Diffa ko Tillaberi, inda abokan aikinsa suke ba da rayukansu wajen tsaron ƙasa, babu wanda zai biya masa kuɗin mota ya dawo domin shari'ar satar babur. Ga shi kuma bawan iyayengiji biyu: a wajen bincike doka ta sa shi ƙarƙashin mai shigar da ƙara, amma girmansa da canjinsa da horonsa suna hannun shugabanninsa na ma'aikatar cikin gida ko ta tsaro. Ranar da gaskiyar da zai faɗa a kotu za ta ɓata wa shugabansa rai, kowa ya san wanda zai fi jin tsoro.

Kada a ce wannan ciwon Nijar ne ita kaɗai. A Ingila, bayan turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, wanda ya ci rayuka 97, an shekara fiye da ashirin ana ɗora laifi a kan ƴan kallo. Sai a 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya gano cewa an yi wa bayanan ƴan sanda 164 kwaskwarima, a cikin 116 an goge maganganun da ba su yi wa rundunar daɗi ba. Ƙananan jami'ai sun rubuta abin da suka gani, aka gyara a sama. A Amurka kuma, ranar 25 ga Mayu 2020, sanarwar farko da ƴan sandan Minneapolis suka fitar kan mutuwar George Floyd ta ce rashin lafiya ce ta same shi a lokacin kamu, ba ta ambaci gwiwar da aka danne masa wuya da ita ba. Hoton bidiyon da wata yarinya ta ɗauka da wayarta ne ya ƙaryata takardar. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya faru a kotu a 2021: shugaban ƴan sandan birnin da kansa ya zo ya yi rantsuwa, ya ce abin da jami'insa ya yi ya saɓa wa ƙa'idar aikinsu, wasu jami'an ma suka bi bayansa. Aka ɗaure mai laifin shekara 22 da rabi. Rundunar ba ta rushe ba saboda shugabanta ya faɗi gaskiya, wannan shaidar ce ma ta ceto abin da ya rage na mutuncinta.

Mu ma muna da namu darasin. Bayan zanga-zangar ɗalibai ta 10 ga Afrilu 2017 a Yamai, wani hoton bidiyo ya bazu yana nuna ƴan sanda suna dukan wani ɗalibi, kuma a cikin wannan shekarar kotu ta ɗaure uku daga cikinsu shekara guda-guda. An yi adalci, muna yabawa. Amma kowa ya tambayi kansa: da babu wannan hoton, me takarda za ta ce? Waɗanda suka manyanta kuma suna tune da 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, da kuma babban taron ƙasa na 1991, inda talaka ya kasa kunne a rediyo ya ji ana yi wa masu kaki da masu mulki tambayoyi a bainar jama'a. A ranakun nan ne ƴan Nijar da yawa suka fara gane cewa mai ɗauke da bindigar gwamnati shi ma ana iya ce masa, yi bayani. Abin da aka yi a zauren taro na wata uku, shi muke so ya zama al'adar kowace kotu a kowane mako.

Maƙwabtanmu na kudu, da ƴan kasuwarmu suke shiga kotunansu a Katsina da Kano, sun gaji tsarin Ingila, inda ɗan sandan da ya yi bincike dole ya shiga akwatin shaida lauya ya yi masa tambayoyi. Dokarsu ta 2015 ta tanadi a ɗauki ikirari a bidiyo ko a gaban lauya. Su ma suna da nasu ciwon, domin sau da yawa akan ɗage shari'a wata da watanni saboda jami'in bai zo ba. Ba muna cewa a kwafo tsarinsu ba ne. Darasin da ke ciki shi ne kiran jami'i ba ya wadatarwa sai an tanadi abin da zai kawo shi a ranar da aka sa.

Dokokinmu ba su rasa tanadi ba. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1998, wadda ta haramta kafa hujja da maganar da aka tatsa da azaba, kuma a 2020 aka sa azabtarwa cikin laifuffukan da doka take hukuntawa. Gyaran da aka yi wa dokar tsarin shari'a a 2003 ya wajabta a sanar da wanda aka tsare haƙƙinsa na ɗaukar lauya, kuma a haɗa shi da takardar likita lokacin da za a miƙa shi ga mai shigar da ƙara. Ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. An yi babban taron gyaran shari'a a Yamai a Nuwamban 2012, an yi jawabai masu daɗi. Duk waɗannan suna nan a rubuce. Amma ta yaya alƙali zai san an bi su, idan wanda ya kamata ya bi su ba ya zuwa a tambaye shi? Layin da aka buga a takarda cewa an sanar da shi haƙƙinsa, injin buga takarda ba ya gardama, duk abin da aka ba shi zai fitar.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da abubuwa ƙalilan waɗanda ba su fi ƙarfin baitulmali ba. Na farko, duk lokacin da wanda ake tuhuma ya musanta abin da aka rubuta da sunansa, kuma babu wata hujja sai wannan takardar, alƙali ya kira wanda ya rubuta ta, ya yi rantsuwa, ya amsa tambayoyi. Doka ta riga ta ba alƙalai wannan iko, amfani da shi ne ya yi ƙaranci. Ba a ce a kira jami'i a kowace shari'a ba, wanda ya amsa laifinsa a gaban alƙali babu buƙata. Na biyu, a ware kuɗin tafiyar jami'in da aka kira, wanda kuma ya yi nisa ƙwarai a saurare shi ta hoton bidiyo daga kotun da ta fi kusa da shi. Na uku, a riƙa ɗaukar muryar tambayoyin da ake yi a komisariya da birgad, a ajiye a cikin kundi. Ingila ta fara haka bayan dokarta ta 1984, Faransa da muka gaji tsarinta tana ɗaukar bidiyo a manyan laifuffuka tun 2008. Yau da wayar da ke aljihun kowane jami'i tana iya wannan aiki, uzurin rashin kayan aiki ya ƙare. Ɗaukar murya kariya ce ga jami'i mai gaskiya kafin kowa, domin mai laifin da zai yi masa ƙazafin duka ko ƙarin magana ba zai sami hanya ba.

Na huɗu ya shafi harshe. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan wannan mataki zai taɓa rayuwar talaka, to ya fara daga inda kalma take iya ɗaure shi. A rubuta muhimman maganganun mutum da harshen da ya faɗe su, ko Hausa ne ko waninta, a ajiye fassarar a gefe, a karanta masa kafin ya dangwala yatsa, a kuma rubuta sunan wanda ya fassara. Na biyar, makarantun ƴan sanda da na jandarma su sa ba da shaida cikin darussansu, a gayyato alƙalai da lauyoyi su gwada ɗalibai, a koya wa kowane jami'i riƙe littafin aljihu da rubuta abin da ya gani a ranar da ya gan shi. A koya masa cewa faɗin ban sani ba a gaban alƙali ba abin kunya ba ne. Wanda kuma aka kama da shaidar zur ko takardar jabu, a hukunta shi kamar yadda doka ta tanada, a cire shi daga aikin bincike, kada a wadatu da mai da shi wani gari ya je ya ci gaba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Mun san za a ce wannan zai ƙara jinkiri, alhali gidajen kasonmu sun cika, kuma fiye da rabin waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Damuwa ce ta gaskiya. Amma a lissafa mutanen da suke kwance a can saboda takardar da, da an tambayi marubucinta minti goma, da ta rushe tun ranar farko. A lissafa ƙararrakin da ake ɗaukakawa saboda hukuncin farko bai gamsar da kowa ba. Jami'in da ya san wata rana zai tsaya gaban alƙali ya kare kowane layi da ya rubuta, tun a ofis zai auna alƙalaminsa, ba zai karɓi rigimar bashi ya mai da ita laifi domin wani mai hali ya roƙe shi ba. Kundin da ba shi da tushe zai ragu tun kafin ya iso kotu.

Ga ƴan sanda da jandarmomi muna cewa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƴaƴanmu ne ku da ƙannenmu, kuma ranar da ɓarawo ya fasa shago ku muke kira. Ɗan kasuwa yana son idan kun kama wanda ya cuce shi, shaidarku ta tsaya daram har a yanke hukunci. Yana kuma son idan wani ya kai ƙararsa bisa ƙarya, ya sami wanda zai kalla ido da ido ya tambaya. Buƙatun nan biyu hanya ɗaya take biya musu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: wanda ya gani, ya ji, ya rubuta, shi ya fi cancanta ya zo ya faɗa.

Ga masu karatu kuma, kafin mahukunta su motsa, kowa ya riƙe abin da yake hannunsa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ka fahimta ba. Idan an rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka nemi a gyara, in an ƙi ka faɗa wa mai shigar da ƙara tun ranar da aka kai ka gabansa. Idan shari'a ta zo, ka roƙi alƙali cikin ladabi ya kira wanda ya rubuta. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago su sanar da mambobinsu wannan, su kuma sa shi cikin abin da suke nema idan sun zauna da magabata. Allah ya ba alƙalanmu ikon tsayar da gaskiya, ya kare mu daga shaidar zur, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.